Kafin ka ɗaura wa motarka manyan kalifa: abin da ambaliyar Gwange ta koya mini game da birki

Duk wanda yake zaune a Agege ko Mile 12 a Legas, ko Sabo ta Ibadan, ko Ama Hausa a Owerri, ya san yadda samarinmu suke da son mota. Yaro ya samu ɗan rufin asiri a harkar canji ko gwari ko waya, abu na farko sai ya nemi ƙaramar mota mai gudu, Lexus IS ko Mercedes C-Class ko BMW. Daga nan sai a shiga ado: a canza rim, a sa baƙin gilashi, a gyara salansa ta riƙa ruri. Yanzu kuma yayin da ake yi shi ne jan kalifa, wato wannan ƙarfen da ake hangowa ta tsakanin rim ya rungume faifan birki. Ni ma na shiga wannan yayin, kuma saura ƙiris ya jawo mini abin da zan yi nadamarsa har ƙarshen rayuwata. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya, ko wani zai amfana.

Ni haifaffen Gwange ne a Maiduguri, amma harkar wake da bandar kifi ta zaunar da ni a Legas shekaru da dama. Ina da Lexus IS 250 ƙirar 2008 da nake ajiyewa a gida wurin ƙanena, don in na zo in samu abin hawa. A daren 9 wayewar garin 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya yi ambaliya, ruwa ya shiga gari irin wanda ba a gani ba tun 1994. Gwange na bakin kogin, saboda haka muna cikin waɗanda abin ya fara shafa, tare da su Fori da Gamboru da Kasuwar Monday har da fadar Shehu. Mutane sun rasa rayuka da gidaje da dukiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Idan aka kwatanta da wannan, maganar mota ba komai ba ce. Tawa ma Allah ya taimaka tana kan ɗan tudu, ruwan bai kai ga inji ba, amma ƙafafunta huɗu sun kwana a cikin ruwa da laka na kwanaki.

Da ruwa ya janye aka wanke ta, aka juye baƙin mai, aka tayar, ta tashi lafiya. Kowa ya ce alhamdulillahi. Babu wanda ya tuna da birki, har da ni.

Da na zo gida bayan wasu makonni, na lura in na taka birki motar tana fizga gefe guda. In na yi 'yar tafiya na tsaya, rim ɗin gaba na dama ya yi zafin da ba ka iya ɗora masa hannu, ga wani wari kamar ana ƙona roba. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai wannan dama ce ta samu. Tunda kalifan sun lalace, kawai a sa manya irin na IS 350, masu fistin huɗu. Wallahi ko a guje kake, kana taɓawa za ta ƙame." Maganar ta yi mini daɗi. Na kira wani da nake hulɗa da shi a kasuwar Ladipo da ke Mushin, ya haɗo mini kalifa biyu 'yan Beljiyam da faifansu da fad, aka sa a mota zuwa Maiduguri. Wani matashin bakanike ya ɗaura su cikin yini guda, har ya fesa musu jan fenti.

Na karɓi mota na ji fedar birkin ta yi laushi, sai ka taka ta yi nisa kafin ta kama. Ya ce mini, "Oga, sabon abu ne, zai zauna." Kwana biyu bayan haka, wajen Gadar Legas, wani Keke Napep cike da 'yan makaranta ya yanko gabana ya tsaya zai sauke yaro. Na taka birki, ƙafata ta tafi kusan ƙasa, motar tana ci gaba da tafiya. Sai da na saki na sake takawa da sauri sau biyu sannan ta kama. Tsakanina da bayan keken bai kai taku ɗaya ba. Yaran ba su ma san abin da ya faru ba, suna ta surutunsu. Ni kuwa na gangara gefe na kashe mota, na fi minti goma hannuna yana rawa.

A ranar aka kai ni wurin wani dattijon bakanike da ya shekara fiye da talatin yana gyaran ƙafar mota. Ya sa yaronsa ya kwance taya ɗaya, ya leƙa, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, wa ya ɗaura maka wannan?" Na ce, "Baba, lafiya?" Ya nuna mini wani ɗan ƙaramin noti mai rami a jikin kalifan, wanda ta nan ake fitar da iska. Ya ce, "Wannan a sama ya kamata ya kasance. Naka yana ƙasa. An sa na hagu a dama, na dama a hagu. Iska sama take hawa, ko kwana za a yi ana bilidin ba za ta fita ba." Gyaran gangar Auzinawa ke nan aka yi mini. Daga wannan ranar na zauna na nemi sanin yadda abin yake aiki, wani a bakin Baba, wani a karatu.

Yadda birki yake tsayar da mota

Aikin birki shi ne ya mayar da gudun mota zafi. In ka taka feda, wata baƙar tukunya da ke bayan inji tana ƙara wa ƙafarka ƙarfi, sai masta ya tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa kowace ƙafa. Man ya danna fistin da ke cikin kalifa, fistin ya matse fad a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Gogayyar fad da faifai ita ke rage gudu, ita ce kuma ke haifar da zafi. Dabarar duka ta dogara ne kan abu ɗaya: ruwa ba ya matsuwa, duk ƙarfin da ka sa masa a wannan bakin zai isar da shi wancan bakin. Iska kuwa tana matsuwa kamar soso. Shi ya sa 'yar iskar da ta maƙale a kalifana ta cinye takun farko gaba ɗaya.

Zafin da ake magana ba ƙarami ba ne. Mota mai nauyin kilo 1,600 da ke gudun kilomita 120 a awa, in ta tsaya cak, zafin da birkinta zai sha ya isa ya ɗauki ruwa lita uku daga yadda yake a randa ya kai shi tafasa, kuma cikin daƙiƙa huɗu zuwa biyar. Abin da direbobi da yawa ba su sani ba shi ne, in ka ninka gudu sau biyu, zafin da nisan tsayawar sau huɗu suke ninkuwa. Tsayawa daga 120 daidai take da tsayawa huɗu daga 60. Kuma da yake nauyin mota yana rinjaya gaba in an taka birki, ƙafafun gaba su ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin, shi ya sa faifan gaba ya fi na baya girma.

Wannan fasaha ta daɗe. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birki mai faifai tun 1902, amma bai karɓu ba sai bayan da motar Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1953 da irin wannan birkin. A 1955 Citroën DS ta fito da shi a motar da ake sayar wa jama'a. Kamfanin Brembo, wanda sunansa ke jikin jajayen kalifan da samari ke so, an kafa shi ne a 1961 kusa da Bergamo a Italiya. Ka ga asalin manyan kalifa daga filin tsere suka fito, inda ake taka birki da ƙarfi a kowace kwana, awa da awanni.

Kalifa iri biyu ne

Yawancin motocin da muke hawa, Corolla da Camry da Accord har da IS 250 ɗina, kalifansu mai zamiya ne. Fistin ɗaya ne ko biyu a gefe guda, shi kuma jikin kalifan yana zamewa a kan wasu ƙusoshi biyu masu giris. In fistin ya tura fad na ciki, jikin sai ya zame ya jawo fad na waje. Yana da araha, yana aiki sosai, amma rayuwarsa tana hannun waɗannan ƙusoshin. In ruwa ko laka ko ƙurar hunturu ta shiga ta robar da ta yage, sai su yi tsatsa su ƙame. Daga nan fad ɗaya zai riƙa cinyewa fiye da ɗan uwansa, ko birki ya kama ya ƙi saki. Abin da ya samu motata ke nan bayan ambaliya. Baba ya ɗauko tsohon kalifan da aka cire ya nuna mini: jikinsa lafiya ƙalau, ƙusa ɗaya ce ta ƙame, fistin kuma ya ɗan yi tsatsa a baki. Ya ce da wanki da sabbin robobi da giris da an gama, a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe ba.

Na biyu shi ne kafaffen kalifa. Shi ba ya motsi, an ɗaure shi tam, fistin ne ke fitowa ta ɓangarori biyu, huɗu ko shida, wani lokaci har fiye. Galibi da alminiyam ake yin sa, ba ya buɗewa in an matsa masa, yana danna fad daidai ko'ina, kuma yana ɗaukar fad mai faɗi da faifai babba. Faifan gaba na IS 250 milimita 296 ne, na IS 350 kuwa 334. Wannan ƙarin ƙarfen shi ne ke shanye zafi ya watsar da shi.

Shin babban kalifa yana rage nisan tsayawa?

Nan ne ƙanena ya yi kuskure, ni ma na bi shi. A tsayawa guda ta gaggawa, amsar ita ce kusan babu bambanci. Ka gwada da kanka a fili inda babu kowa: ka taka birki iya ƙarfinka. In ka ji feda tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, ABS ne ya shiga, ma'ana birkinka ya riga ya fi ƙarfin riƙon da taya ke yi wa kwalta. To in birkin da kamfani ya sa ya riga ya fi ƙarfin taya, me ƙarin ƙarfi zai yi? Abin da ke haɗa motarka da ƙasa wuri huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu ba. Mota mai lafiya da tayoyi masu kyau tana tsayawa daga gudun 100 a cikin mita 35 zuwa 40 a busasshiyar kwalta. Ka sa mata tsofaffin tayoyi da suka bushe, ko kalifan Ferrari ka ɗaura sai ta wuce haka. Ga kuma direba kansa: a gudun 100, daƙiƙa ɗaya da za ka yi kafin ƙafarka ta kai kan feda, mota ta riga ta ci mita 28.

Amfanin babban birki yana fitowa ne in ana taka shi a kai a kai har ya yi zafi. Wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga da kaya, ko gangaren Ugwu Onyeama in za a shiga Inugu, ya san yadda birki ke gajiya: kana takawa yana ƙara sanyin jiki, ga wari. Abu biyu ke jawo haka. Ko dai fad ya yi zafin da ya daina kamawa, feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa, ko kuma man birki ya tafasa, tururi ya shiga layi, feda ta tafi ƙasa. Babban faifai yana jinkirta duka biyun. Amma ko a can, maganin farko shi ne ka sauko da giya inji ya riƙe motar. Maiduguri kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, daga nan har Damaturu babu wani gangaren kirki. Abin da ke cin birkinmu a nan ƙura ce da yashi da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, sai kuma ruwa in ya zo. A Legas da Fatakwal kuma damina da go-sulo da kududdufai. Duk waɗannan kula suke buƙata, girman kalifa ba ya maganinsu.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a saya

Yawan fistin ba shi ne ƙarfi ba, faɗinsu ake dubawa. Ga misali. Kalifa mai zamiya da fistin ɗaya mai faɗin milimita 57, fuskar fistin ɗin ta kai murabba'in santimita 25.5. Kafaffen kalifa mai fistin huɗu, kowanne milimita 40, gefe ɗaya kawai ake lissafawa, domin shi mai zamiyar ma fistinsa ɗaya yana matse ɓangarori biyu ne. Biyu sau 12.6 ya ba ka 25.1. Ka ga kusan ɗaya suke, wannan canjin ba zai rikita mota ba. Amma in fistin ɗin milimita 44 ne, lissafin ya koma 30.4, ƙarin kusan kashi 19 cikin 100. Masta ɗinka bai canza ba, man da yake turawa a taku ɗaya bai ƙaru ba, saboda haka feda za ta yi nisa kafin ta kama.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta fi wannan. Kamfani ya raba aiki tsakanin gaba da baya da awo. In ka ƙara wa gaba ƙarfi sosai, ta fistin ko ta faɗin faifai, tayoyin gaba za su kai iyakarsu tun na baya ba su yi rabin aikinsu ba, sai nisan tsayawa ya ƙaru maimakon ya ragu. In kuma baya aka ƙara wa fiye da kima, abin ya fi muni, domin bayan mota ne zai juyo a kwana. Kwamfutar ABS tana ɗan gyara wannan, amma an tsara ta ne da awon birkin asali. Wannan ne dalilin da ya sa in dole sai an canza, ya fi aminci a ɗauko na babbar 'yar uwar motar daga gida ɗaya, kamar IS 350 zuwa IS 250, inda ramukan noti suka dace ba tare da an yi ƙira ba. Wanda zai ɗauko kalifan Porsche ko na wata jif ya kai wa mai walda ya ƙera masa maƙali, ya sani ransa da na mutanen da ke kan titi ya rataya a kan wannan waldar.

Sai maganar rim. Babban kalifa yana buƙatar wuri, ta tsayi da ta faɗi. Na IS 350 ba ya shiga rim mai inci 16, kuma ko a babban rim wani lokaci ƙafafun rim ɗin suna gugar fuskar kalifa. Kada a yarda da bakaniken da zai ce bari ya ɗan goge kalifan da injin gurza. Farantin da ke bayan faifai shi ma sai an canza ko an gyara shi. Kuma a gwada safaya tun a gareji. Mutum ya yi faci tsakanin Benisheikh da Damaturu da yamma, ya ciro safaya ta ƙi shiga, ba sai na faɗa wa ɗan Borno abin da wannan ke nufi ba.

A kasuwa

Ko a Ladipo ne, ko Agodi Gate a Ibadan, ko Nkwo Nnewi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, abin dubawa ɗaya ne. Da farko a rabe tsakanin kalifa da murfin kalifa. Akwai jan murfi na roba ko gwangwani da aka rubuta wa sunan babban kamfani, ana manna shi a kan kalifan asali don ado. Ba ya ƙara komai, yana iya tare iska, in ya kwance kuma ya shiga tsakanin rim da birki. Akwai kuma jabun kalifa sukutum masu ɗauke da sunan da ba nasu ba. In aka ce maka sabon Brembo ne a farashin ɗan Beljiyam, ka san da walakin.

In ɗan Beljiyam za ka saya, ka sayi biyu tare, hagu da dama, daga mota ɗaya. Ka duba alamar L da R. Ka tabbatar notin fitar da iska yana kwancewa, bai karye a ciki ba. Ka duba robobin da ke kewaye da fistin ko sun yage, ka sa a tura kowane fistin a ga yana komawa. Ka duba ramukan noti ko zarensu ya cinye, domin alminiyam ba ya jure ɗaurin ganganci. Faifai kuma akwai lambar da kamfani ya buga a gefensa, mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a yi amfani da shi. A auna, in ya kai nan ko ya yi tsaga, a bar shi. Ni shawarata, fad da robobi da tiyo a sa sababbi, kada a yi Beljiyam a nan. Araha ba ta ado.

Man birki, wanda kowa ke mantawa

Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, ko motar ba ta shiga ruwa ba. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 daga 230 zuwa 155, DOT 5.1 daga 260 zuwa 180. Kuma ruwan da ya shiga shi ne ke cin fistin da tsatsa ta ciki. Shi ya sa ake son a juye shi gaba ɗaya kamar duk shekara biyu, ba a riƙa ciko kawai ba. Nawa da aka zuƙo, baƙi ne kamar shayin da ya kwana. Tun da na sayi motar ban taɓa canza shi ba.

A duba murfin tankin man, an rubuta irin wanda motar ke sha. DOT 5, wanda babu ɗigo ɗaya a bayansa, wani iri ne daban, ba a haɗa shi da sauran. A sayi mai a rufaffen gwangwani, ban da wanda aka ɗura a gorar ruwa. Kada baƙin mai ko man giya ko fetur ya kusanci layin birki, domin suna kumbura robobin ciki. Haka ma giris: ƙusoshin kalifa suna da nasu na musamman, baƙin giris na yau da kullum yana lalata robarsu. Na sha jin direbobin da ke zuba ruwan omo in mai ya ƙare a hanya. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, sai mutum ya yi wa kansa hisabi.

In an ɗaura

Baba ya sauya kalifan zuwa inda ya kamata, ya sa sabbin tiyo da sabbin wasar jan ƙarfe, ya ɗaure notuna da sifana mai awo, ya juye mai duka ya fitar da iska ƙafa bayan ƙafa. Ya kwance na baya ma, ashe su ma ƙusoshinsu sun fara ƙamewa. Kafin a sauke mota ya sa ni na taka feda na riƙe na rabin minti. Ya ce in ta tsaya da tauri wuri ɗaya, lafiya. In tana nutsewa a hankali, akwai yoyo ko masta ya gaji, kuma mota ba ta fita.

Daga nan muka fita bayan gari inda hanya ta yi sarari, don a zaunar da fad. Ana kai mota wajen 60, a taka da ɗan ƙarfi har ta sauko wajen 10, ba tare da an tsaya cak ba, a maimaita sau takwas zuwa goma, sannan a yi tafiya ta wasu mintuna ba a taɓa birki ba don ya huce. Wannan yana shafa wa faifai siririn fad ko'ina daidai. In ka tsaya ka danne feda alhali faifai na da zafi, fad zai bar tambari wuri ɗaya, daga baya ka riƙa jin sitiyari na rawa ka ce faifai ya lanƙwashe. Kuma a kwanakin farko a riƙa leƙa ƙarƙashin mota da tankin mai ko akwai ɗigo.

To yanzu ya motar take? Feda ta yi tauri, tana kamawa tun daga sama, ina jin daɗinta. Amma tsakani da Allah, yawancin wannan gyaruwar daga sabon mai ne da sabbin tiyo da ƙusoshin da aka wanke. Abin da ya fi canza tsayawar motar shi ne tayoyi huɗu da na saya daga baya, bayan Baba ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tsofaffin. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Nawa 2315 aka rubuta, wato mako na 23 a 2015. Shekara tara ina yawo a kansu, ina neman jan kalifa.

Saboda haka ga jerin da zan ba duk wanda ya tambaye ni, daga na farko zuwa na ƙarshe: tayoyi masu kyau da iska daidai, sabon man birki, fad na kirki, a wanke ƙusoshi a sa musu giris ɗinsu, a duba tiyo da faifai. In an yi duk wannan kuma har yanzu birki yana gajiya saboda irin hanyar da kake bi ko irin tuƙin da kake yi a filin wasan mota, to sai a yi maganar babban kalifa, da lissafi, a hannun wanda ya san aikin. Dokar hanya ta ƙasar nan ma ta tsayar wa ƙananan motoci 100 ne a babbar hanya mai tagwaye, 50 a cikin gari, kuma a wannan gudun birkin kamfani mai lafiya ya wadatar.

Ga 'yan uwa da ke da motoci a gida Maiduguri, ko waɗanda motarsu ta taɓa kwana a ruwa a Legas ko Lokoja, don Allah kada a tsaya a juye baƙin mai kawai. A kwance ƙafafu huɗu a duba. Haka wanda zai sayi mota hannu, ya sa a cire taya ya ga bayan faifai, laka ba ta ɓuya a nan. Kuma in ka karɓi mota daga gareji ka ji feda ta yi laushi, kada ka yarda da "zai zauna". Ka bar ta a nan har sai ta yi tauri.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.